Bashin NELFUND ko jiran sikolashif: wanne ne zai kai ɗan aji ɗaya ga rajista?

Ranar da ɗan yayata ya buɗe shafin JAMB ya ga an ba shi gurbi a wata jami'ar tarayya, har maƙwabta sai da suka shigo yi wa uwarsa barka. Murnar ba ta kai mako ba. Yaron ya dawo daga kafe da takarda guda wadda aka jera masa abin da zai biya: kuɗin karɓar gurbi, na rajista, na gwajin lafiya, na katin shaida, na sashensu, ga na ɗakin kwana in ya yi sa'ar samun gado. A can ƙasa kuma an rubuta ranar da za a rufe shafin biya. Bayan magariba Yaya ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Wannan bashin gwamnati da ake ta faɗa a rediyo, mu karɓa ko mu jira sikolashif? Babansa dai ya ce ba zai yarda ɗansa ya fara rayuwa da bashi a wuya ba."

Tambayar nan tana cikin gidaje da yawa tun 2023. A takarda, jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, abin da ake biya ana kiransa kuɗin rajista da sauran hidimomi. Amma a shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'i da dama, ciki har da Bayero ta Kano da ta Maiduguri, sun ɗaga waɗannan kuɗaɗe, a wasu kwasa-kwasan ma sun ninka fiye da sau biyu. Uban da ya saba sayar da buhun masara biyu ya biya wa ɗansa rajista ya wayi gari lissafi ya ƙwace masa.

Abin da na gaya wa Yaya a daren shi ne ginshiƙin wannan rubutu. Sikolashif ya fi bashi daɗi, wannan ko yaro ya sani. Sai dai ɗan aji ɗaya ba daɗi yake nema ba tukuna, kuɗin da zai iso kafin a rufe shafin rajista yake nema. Duk hanyoyin da ke gabansa da wannan ma'auni ya kamata a fara auna su, sauran ma'aunai su biyo baya.

Bashin gwamnatin tarayya

Shugaba Tinubu ya fara sanya hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yunin 2023, amma waccan dokar ta zo da sharuɗɗan da suka kusa kashe ta tun a zanin goyo. Sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ka kawo mutum biyu masu tsaya maka daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati, lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomin da ke Gwarzo ko Dutsin-Ma ina zai samo su? Aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilun 2024 wadda ta cire sharuɗɗan biyu, aka buɗe shafin nema na NELFUND, wato hukumar da ke bayar da bashin, a ranar 24 ga Mayun 2024. Na tsaya a kan wannan tarihi ne saboda har yau ina jin iyaye suna cewa ai sai kana da babban mutum a Abuja. Labarin tsohuwar doka suke riƙe da shi.

Bashin kashi biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ne kuskuren da na fi gani. Kashi na farko kuɗin makaranta ne. Ba ya biyowa ta hannun ɗalibi ko kaɗan, asusun makarantar ake tura shi kai tsaye. Kashi na biyu kuɗin kashewa ne, naira 20,000 a wata, shi ne ke shiga asusun bankin yaro. Ɗalibi yana iya neman na makaranta kaɗai ya bar na kashewa. Babu kuɗin ruwa a kan ko ɗaya. Ba a fara biya sai an shekara biyu da gama bautar ƙasa, daga nan sai a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi ta hannun wanda ya ɗauke shi aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba dokar ta ba shi damar yin rantsuwa a rubuce ya nemi a ɗaga masa, amma wanda ya yi rantsuwar ƙarya ɗauri ne a kansa. Wanda kuma ya rasu, dokar ta tanadi a yafe.

Babbar falalarsa ga ɗan aji ɗaya ita ce ba ya tambayar maki. Ba gasa ake yi ba, ba a jarrabawar tantancewa, ba a cewa sai mai karanta likitanci ko injiniya. Ɗan sashen Hausa da ɗan sashen lissafi duk ɗaya ne a wurinsu. Abin da ake so shi ne kana makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko ta horon malamai, kana da lambar NIN da BVN da lambar JAMB da takardar gurbi, kuma makarantarku ta ɗora sunanka a rumbun hukumar. Wanda ya tafi jami'ar kuɗi, irin su Al-Qalam ta Katsina ko Skyline ta Kano, ko ya tsallaka Maraɗi, wannan ƙofa ba tasa ba ce.

To ga inda gizo ke saƙar. Ba ranar da ka cike fom kuɗi ke sauka ba. Sai makaranta ta ɗora sunayen sababbin ɗalibai, sai hukumar ta tantance, sai an amince, sannan a tura. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, shafin rajistar makaranta kuwa ba ya jiran kowa. Wasu makarantun sukan ɗaga wa wanda ya nuna shaidar ya nema, wasu ba sa yi. Shi ya sa ɗalibai da yawa kan ranto su biya da kansu, in kuɗin gwamnati ya iso daga baya su koma bin ofishin kuɗi na makaranta a mayar musu da nasu, kuma koke-koke a kan jinkirin mayarwar nan sun cika kafafen labarai a 2025. Kuɗin karɓar gurbi kuwa, wanda shi ake fara biya tun kafin ka zama ɗalibi a idon makaranta, kada ma ka sa ran kowa zai biya maka shi. Ka tanade shi daga gida.

Yanzu mu ɗauki alƙalami, domin a nan ne tsoron mijin Yaya yake da tushe, a nan ne kuma yake da magani. A ƙaddara kuɗin rajistar yaro naira 120,000 ne a shekara, kwas ɗinsa na shekara huɗu. Jimla 480,000 ke nan. A ƙaddara kuma ya karɓi kuɗin kashewa na wata goma a kowace shekara: 200,000 sau huɗu, 800,000. Ka ga abin mamaki: 'yar dubu ashirin ɗin da ake rainawa ta kusa ninka kuɗin makarantar gaba ɗaya. In ya haɗa biyun zai fito da bashin 1,280,000. Idan ya samu aikin da ake biyansa 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000, wato wata 128, shekara goma da wata takwas. In kuwa kuɗin makaranta kaɗai ya ci, a wannan albashin shekara huɗu ya gama. Waɗannan alƙaluma misali ne na kafa, kowa ya sa na makarantarsa, amma siffar lissafin ba za ta sauya ba.

Akwai kuma wani gefe da ke taimakon mai cin bashin. Tun da babu ruwa, abin da ka karɓa shi za ka mayar, ko da naira ta zube. Wanda ya ci 120,000 a bana zai fara biya bayan shekara bakwai ko fiye: huɗu a makaranta, ɗaya a bautar ƙasa, biyu na sarari, ban da abin da yajin aikin malamai zai iya ƙarawa. Mu da muka ga mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a 2024, muka ga alawus ɗin masu bautar ƙasa ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000, mun san dubu ɗari ta yau ba ita ce dubu ɗarin shekara bakwai masu zuwa ba. A kasuwa babu mai ba ka rance a haka, ko ɗan'uwanka ne sai ya yi tunani sau biyu.

Batun addini kuwa, wanda shi ne ainihin abin da ke cin mijin Yaya ko da bai faɗa ba, ya kamata a raba shi gida biyu. Idan tsoron riba ne, a yadda doka take a yanzu babu ƙari a kan uwar kuɗi. Idan kuma nauyin bashi ne, wannan tsoro ne mai kyau, kada a yi masa dariya. Mun taso muna jin yadda malamai ke tsoratarwa a kan mutuwa da hakkin wani, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Abin da nake ƙi shi ne maganar da na ji wasu samari suna yi a majalisa, wai ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne na arzikin ƙasa, wa zai biya? Wanda ya shiga da wannan niyya tun farko ya ɓata abin, ga shi kuma lambar BVN da NIN ɗinsa suna hannunsu. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba su ce a ci da niyyar tserewa ba.

Iyayen 'ya'ya mata suna da tasu tambayar: in ta gama ta yi aure ba ta yi aiki ba fa? Tun da an cire masu tsayawa, bashin a kan sunanta yake, ba a kan uba ba, ba a kan miji ba, kuma hanyar neman ɗagawa a buɗe take ga duk wanda ba shi da abin shiga. Amma ɗagawa ba yafewa ba ce. Ni a ganina a zaunar da yarinya a yi mata lissafin nan da bakinta ta amsa, kada a cike fom da sunanta a kafe ita tana gida tana wanke-wanke.

Tallafin jiha

Kusan kowace jihar Arewa tana da hukumar bayar da tallafin karatu, kuma nan ne zuciyar iyaye ta fi karkata, saboda kyauta ce, kuma ta gida ce. Ba a buƙatar zama gwarzon aji. Yawanci abin da ake nema takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, takardar gurbi, rasit ɗin rajista da hotuna, sai ka je a tantance ka.

Ka lura da abin da na lissafa: rasit ɗin rajista. A tsarin da aka saba, sai ka zama ɗalibi ake ba ka, wato sai ka riga ka tsallake ramin da kake neman a tsallakar da kai. Kuma ba shi da ranar zuwa. Lokacin da nake ɗalibi, tallafin jiharmu na aji ɗaya sai da muka shiga aji uku ya fito. Na tuna mun yi layi tun hantsi har la'asar, abin da aka ba mu na sayi takalmi da kwanon gari biyu, sauran na biya mai shayin da ke bin mu. Mun ji daɗinsa ƙwarai, amma da shi na dogara don rajista da ban ga ƙofar aji ba.

Wani lokaci jiha takan yi abin a zo a gani. A 2023, da Bayero ta ƙara kuɗi, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da biya wa ɗalibai 'yan Kano 7,000 kuɗin rajista a jami'ar, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantun jihar. A Kaduna, inda aka ɗaga kuɗin jami'ar jiha zuwa 150,000 a 2021, Gwamna Uba Sani ya sauke shi zuwa 105,000 a watan Agustan 2023. Waɗannan sun share hawayen gidaje da yawa. Sai dai duk shawarar gwamna mai ci ce, ba haƙƙi ba ne da za ka riƙe takarda ka ce a bana ma sai an yi. Abin da aka yi bara yana iya zuwa bana, yana iya ƙin zuwa, kuma sau da yawa yakan fi yawa in zaɓe ya ƙarato. Haka tallafin sanatoci da 'yan majalisa: in ya zo ka karɓa da hannu biyu, amma kada ka gina shekararka a kansa, don jerin sunayen kan bi ta hannun shugabannin mazaɓa, kuma kowa ya san yadda wannan take.

Ragin kuɗin jami'o'in jiha yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Yaron da ke da zaɓi tsakanin jami'ar tarayya a wata jiha mai nisa da jami'ar jiharsu da ke cikin garinsu, in ya zauna gida ya huta da kuɗin ɗaki da na abinci da na motar zuwa hutu. Wannan ragi shi kaɗai yakan fi duk wani sikolashif da zai samu a aji ɗaya. Ba kowane kwas ne ake samu a gida ba, kuma akwai abin da yaro ke koya in ya bar gaban uwarsa, amma a sa shi a ma'auni.

Masu tsoka, waɗanda ba naka ba ne tukuna

Yanzu ga waɗanda ake kira sikolashif na gaske, masu kauri, masu zuwa kowace shekara har ka gama. Hukumar tallafin karatu ta tarayya, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, tana da na ɗaliban cikin gida, kuma a 2025 an ɗaga na masu digirin farko daga 300,000 zuwa 450,000 a shekara. Kuɗi ne mai kyau. Amma sharaɗinsa ka kai aji biyu, kuma makinka na CGPA, wato matsakaicin makin duk darussan da ka yi, ya kai 4.0 cikin 5.0. Asusun PTDF, na harkar man fetur, shi ma daga aji biyu yake ɗauka, kuma a kwasa-kwasan da suka shafi aikinsa. Gidauniyar MTN sai ka kai aji uku a fannin kimiyya da fasaha da maki 3.5 ko sama. Kamfanonin mai da ke haɗin gwiwa da NNPC suna da nasu, akasari su ma sakamakon shekarar farko suke dubawa. 'Yan kaɗan, irin na kamfanin gas na NLNG, kan karɓi ɗan aji ɗaya, amma ko su sai ka riga ka yi rajista kake nema, sannan a yi jarrabawa a kwamfuta, sannan a jira sakamako.

Ma'anar wannan a fili take. Wanda ya ce zai jira irin waɗannan don ya biya rajistar farko, jiran gawon shanu yake yi. Amma akwai ma'ana ta biyu wadda ta fi muhimmanci, kuma ita ce na fi so ɗan yayata ya ji: shekarar farko ita ce fom ɗin neman sikolashif. Makin zango biyu na aji ɗaya shi ne za a duba a ba ka 450,000 ko a hana ka. Kuma aji ɗaya ne yara suka fi sakaci: an rabu da bulalar sakandare, babu mai tashinka da asuba, ga darussan gama-gari da ake rainawa ana cewa ai Turanci ne kawai da tarihin ƙasa. Kwas guda da ka faɗi a zangon farko yana iya jan makinka ƙasa da 4.0, kuma ɗaga shi daga baya aiki ne ja.

A nan ne bashi da sikolashif suke haɗuwa, maimakon a ce kishiyoyi ne. Yaron da ya yi rajista a makare ya rasa makonni shida na darasi, ko wanda ke fita yin acaba da yamma don ya ci abinci, da wuya ya kawo makin da ake so. In bashin shekara ɗaya zai zaunar da shi a aji ya yi karatu da kwanciyar hankali, to bashin ne ya saya masa damar cin kyautar shekara uku. Kuma ana sabunta neman bashin ne kowace shekarar karatu, ba a ɗaure ka sai ka ci na shekara huɗu ba. Ka ci na aji ɗaya, in Allah ya ba ka sikolashif a aji biyu ka tsaya a nan.

Abu biyu game da na kamfanoni. Yawancinsu suna sharɗanta kada ka haɗa nasu da na wani, kuma in sun gano sukan janye, saboda haka a karanta sharuɗɗa kafin a sa hannu a ko'ina. Na biyu, jarrabawarsu ta lissafi ce da Turanci da saurin tunani, a kan kwamfuta, da agogo yana gudu. Yaranmu da yawa ba ilimi ne ke kayar da su ba, rashin sabo ne da linzamin kwamfuta. Kuma kada wani ya ce ai na 'yan Kudu ne. Gaskiya ne akwai kason da ake ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu, amma akwai kason ƙasa baki ɗaya, kuma wanda bai nema ba ba zai ce an hana shi ba.

Na ƙasashen waje ba zan daɗe a kansu ba, don wanda ya riga ya samu gurbi a gida ba su ne matsalarsa ta wannan wata ba. Tsarin musayar ɗalibai da gwamnatin tarayya ke yi da ƙasashe irin su Rasha, Maroko da Hangari, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi a 2025, bayan an daɗe ana jin kukan ɗaliban da alawus ɗinsu ya maƙale. Na gwamnatin Turkiyya yana nan, ana nema daga Janairu zuwa Fabrairu, yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi, amma sai kana ƙasa da shekara 21, kuma sai ka yi shekara guda kana koyon harshensu. Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar ta Masar sun daɗe suna ɗaukar yaranmu masu Larabci. Duk ana iya nema ana cikin karatu a gida. Abin da ba na so shi ne a saki na hannu. Waɗanda yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023 sun isa misali a kan cewa karatun waje ma yana da nasa haɗarin.

Saura hanyar da ba ta da shafin intanet: dangi, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ƙungiyar ci gaban gari, attajirin unguwa, kwamitin masallaci, da hukumomin zakka da waƙafi irin na Sakkwato da Zamfara da Kano. A gaskiya wannan ce ta fi kowace sauri, ita kaɗai ce za ta iya fitar da kuɗi a cikin kwana uku. Aibinta ba ta da tabbas a shekara ta biyu, kuma wani lokaci tana zuwa da gori. Na ga abin da ke sa ta yi aiki: kada a je da baki kawai. A buga takardar gurbi da takardar biyan kuɗi mai lambar Remita, wato lambar da ake biyan makaranta da ita a banki, a miƙa wa mutum, a ce ga lambar, ko rabi ne ya taimaka. Mai kuɗi ya fi sakin jiki in ya ga kuɗinsa makaranta za su, ba aljihun wani ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Gidan da zai iya biyan rajista ba tare da an sayar da gona ko an taɓa jarin uwa ba, su biya, su bar bashin, yaro ya nemi na jiha ya kuma sa ido a kan maki. Gidan da rajistar ce ta gagara amma yaro zai riƙa zuwa daga gida, ko akwai mai aika masa da ɗan abin kashewa, su ci na makaranta kaɗai. Maraya, ko wanda zai tafi garin da bai san kowa ba kuma babu mai aika masa ko sisi, ya ci duka biyun ba tare da jin kunya ba, don yunwa ba ta barin karatu, sai dai ya san 20,000 ba za ta riƙe shi wata guda ba sai an haɗa da garin kwaki da ƙuli daga gida. Wanda zai yi likitanci ko wani kwas mai shekara biyar ko shida ya fi kowa buƙatar yin lissafin nan, don kuɗinsu ya fi yawa, shekarun ma sun fi yawa, ko da yake su ne kuma masu tallafi suka fi so. Wanda kuwa har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da kwas ɗin da aka ba shi ba, yana tunanin sake rubuta JAMB baɗi, kada ya ci bashi a kan abin da zai bari.

Mu dai ga yadda muka yi. Ni da wani ƙanenmu muka haɗa kuɗin karɓar gurbi. Mijin Yaya, bayan na zauna da shi da takarda da biro ya ga bambancin 480,000 da 1,280,000, ya yi shiru can ya ce, "To a ci na makarantar, na cikinsa ni zan ji da shi." Washegari na ɗauki yaron muka tafi kafe.

A nan muka ci karo da abin da ban yi tsammani ba. A JAMB sunansa Muhammad, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki kuma an sa sunan kakansa a matsayin sunan mahaifi. Ranar haihuwa ma biyu ce, don wanda ya cike masa fom ɗin jarrabawar sakandare ya ga dama ya rage masa shekara guda. Na'ura ba ta san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ba ne. Sai da muka yi mako biyu muna zirga-zirga tsakanin kotu don takardar rantsuwa, da banki, da ofishin katin ɗan ƙasa. Laifinmu ne, mu da ba mu taɓa jera takardun yaron a tabarma ɗaya mun duba ba.

Da muka koma, yaron kafen ya karɓi takardu ya fara bugawa da sauri. Na leƙa allon sai na ga ya sa adireshin imel ɗinsa da lambar wayarsa a gurbin na ɗalibi.

"Malam, wannan lambar ta wa ce?"

"Tawa ce, Alhaji. Ai duk haka nake yi musu, in saƙo ya zo sai in kira su."

Na ce ya goge. Duk wanda ke riƙe da imel da lambar sirri shi ke riƙe da asusun, kuma bashin da za a ci da sunan yaro ne har shekara goma masu zuwa. Neman bashin kyauta ne, ba a biyan hukumar ko kwabo, ladan bugawa kawai mai kafe yake da shi. Muka buɗe wa yaron imel nasa a wayarsa, ya rubuta lambar sirrin a bayan littafinsa na Islamiyya inda ya san ba zai yar ba.

Amincewar ba ta fito ba sai da ya rage kwana tara a rufe rajista, kuɗin kuma ba su isa makaranta ba har ranar ta wuce. Sa'armu ɗaya, jami'ar ta ƙara mako uku ga waɗanda suka nuna shaidar an amince musu. Yanzu yana zango na biyu. Ranar Juma'ar da ta wuce ya turo mini hoton sakamakon zangon farko, 4.12, da saƙo a ƙasa: "Kawu, lissafi ne ya ja ni, amma na samu wani ɗan aji uku yana koya mini da daddare." Na ce ya je ofishin ƙaramar hukuma a hutun nan ya karɓo takardar shaidar asali, ya yi mata kwafi biyar ya ajiye.